Daidai da Me?

Kalmar daidai ba ta iya tsayuwa ita kaɗai. Duk inda aka faɗe ta akwai abu biyu a wurin, ko da an ambaci ɗaya an yi shiru da ɗayan. Tela ya miƙo riga, mai ita ya zura, ya ɗaga hannuwa ya ce ta yi daidai. Riga da jiki ke nan. Mai kanti ya ƙirga canji ya ce daidai ne. Kuɗi da farashi. Fasinja ya ce a sauke shi daidai bakin asibiti, mai alkawari ya ce ƙarfe 4 daidai. Sai kuma dattijo ya ji yadda aka raba gado aka danne marainiya, ya girgiza kai ya ce wannan ba daidai ba ne. Bai faɗi abin da ya gwada rabon da shi ba, amma kowa a zauren ya san akwai ma'auni, ya kuma san an kauce masa. Kalmar da ke auna wuyan riga ita ce ke auna adalci, ba a sauya mata ko wasali ɗaya ba.

Tana da zafi, tana da sanyi. In an ce za a yi daidai da wane, to ya shirya, ba alheri ake nufi ba. In an ce a yi abu daidai wa daida, ana nufin a tsaya tsakiya, kada a zaƙe kada a gaza. Tana auna wuri, tana auna lokaci. 'Yan amshin Mamman Shata ba ƙawata murya ne babban aikinsu ba. Aikinsu su faɗo a gaɓar da ya bar musu. In sun riga da ƙiftawar ido, ko sun makara, kunnen da bai taɓa koyon kiɗa ba ma zai ji wani abu ya goce.

Abin da ya sa kalmar ta ƙi sakina kuwa hoto ne, kuma ba na ƙasarmu ba. Wata ƙatuwar igiyar teku ce ta miƙe ta lanƙwaso, kumfar bakinta ta rarrabu yatsu-yatsu, jirage uku masu jigilar kifi suna ƙarƙashinta, can nesa kuma Dutsen Fuji ya ƙanƙance. Katsushika Hokusai ne ya zana shi yana da shekara kimanin 70, aka fitar da shi wajen 1831 a birnin Edo, wanda yau ake kira Tokyo, cikin jerin hotunan dutsen guda 36. Tsawon takardar bai kai santimita 40 ba. Tun 2024 hoton yana bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1000. Mutane da yawa suna ɗauka buroshi aka sa aka shafa shi launi-launi. Ba haka ba ne. Buga shi aka yi da allunan katako, kowane launi da nasa allon, aka yi ta ɗora takarda ɗaya a kansu bi da bi har sau bakwai ko takwas. Kuma ba kwafi ɗaya ba. Masu bincike sun ƙiyasta dubbai aka buga, ɗari da 'yan kai suka rayu zuwa yau.

Duk wanda ya taɓa ganin hatimi ya san tushen sana'ar. Ana ƙwaƙule wurin da ba a so, a bar wanda ake so ya yi tudu. Tudun ke ɗaukar tawada, ramin ya fita fari. In launi ɗaya ne, babu wahala: takarda ta sauka ko'ina, ta ɗan karkace ma, sai a datse gefenta. Da zarar an ce launi biyu, magana ta sauya. Yanzu shuɗin da ke kan allo na biyu dole ya faɗa cikin layin da allo na farko ya bari a takarda, alhali mai bugu ba ya ganin komai a lokacin da yake ɗorawa, domin fuskar takardar tana kife ne, bayanta kawai yake kallo. A makance zai sauke ta, kuma a makance zai dace. In launi takwas ne, sau takwas ke nan, a kan kowace takarda, a tari mai ɗari biyu. Kuskure ɗaya a bugu na bakwai ya cinye wahalar shida da suka gabace shi.

Mu ma mun san kamannin wannan kuskure, ko da injin zamani ne ya yi shi. Kowa ya taɓa ganin fastar siyasa ko kalandar da jan leɓe ya zame ya hau haɓa, ko idanun mutum suka zama huɗu, biyu baƙi biyu shuɗi-shuɗi. Masu maɗaba'a sukan ce saiti ya goce. Abin lura shi ne, babu launin da ya lalace a irin wannan fasta. Jan yana nan da kyansa, shuɗin ma haka. Kowanne shi kaɗai ba shi da aibi. Tsakaninsu ne ya ɓaci.

Matsalar ta girmi Hokusai da ƙarnoni, kuma yawancin waɗanda suka fara karo da ita kauce mata suka yi. Lokacin da Gutenberg yake buga Baibul ɗinsa a birnin Mainz na Jamus, wajen 1455, ya gwada buga kanun surori da ja a shafukan farko, wato takarda ta shiga inji sau biyu. Bai yi nisa ba ya bari, ya koma barin fili, marubuta suka cike da alƙalami. Bayan shekara biyu, a 1457, Fust da Schöffer suka fitar da littafin Zabura mai manyan haruffa ja da shuɗi, amma dabara suka yi: harafin da adonsa ƙarafa biyu ne masu shiga juna, a zare su, a shafa wa kowanne tawadarsa, a mayar, a buga gaba ɗaya. Sun sami launi biyu ba tare da takarda ta tashi ta dawo ba. Aiki ne mai ban sha'awa, sai dai mai cin lokaci ƙwarai.

Filin nan da Gutenberg ya bari ba baƙo ba ne ga wanda ya san yadda alarammomin Kano da Barno suke rubuta Alƙur'ani. Baƙi ake fara yi, a gama shafi, tawada ta bushe, sannan a dawo da jan tawada a sa wasali, a dawo da rawaya a ɗiga hamza. Launi-launi ne, kuma zagaye-zagaye ne. Amma alaramma yana kallon harafin da zai yi wa wasali; in ya rubuta shi da ɗan kwanciya, wasalin zai bi shi ya kwanta. Idonsa ne ke daidaita masa. Mai bugun katako an ɗauke masa wannan gata. Allonsa ba ya gani, ba ya kuma tanƙwaruwa. Dole a samo wani abu da zai tsaya a madadin ido.

A Edo an daɗe ana buga hotuna da baƙi zalla, a sa masu shafa launi su bi da hannu. Wajen shekarun 1740 aka fara ƙara launi biyu da allo, ja da kore. Sai a 1765 wasu masu hali, da ke gasar musayar kalanda mai hoto a tsakaninsu, suka zuba kuɗi, mai zane Suzuki Harunobu da masu sana'ar da ke aiki tare da shi suka fitar da hotuna masu launi da yawa. Aka sa musu suna nishiki-e, ana kwatanta su da yadin alharini mai saƙar ado. Cikin 'yan shekaru suka cika kasuwa, daga baya suka zama abin da talaka ke saya da kuɗin da bai wuce na kwanon taliya ko biyu ba. Har a 1842 hukuma ta ga ƙawar ta yi yawa, ta ƙayyade farashi, ta kuma hana a wuce launi bakwai zuwa takwas. Aikin na mutum huɗu ne: mai jari da ke ba da oda ya sayar, mai zane, masassaƙi, da mai bugu.

Abin da ya riƙe wannan kasuwa duka bai kai ɗan yatsa girma ba, kuma ba ya cikin hoton. Mai zane yakan yi zanensa a takarda mai shara-shara. Masassaƙi ya manna ta a kife a kan allon icen ceri na daji, ice mai tauri da laushin tsoka, ya murje bayanta har layukan su bayyana, ya bi su da wuƙa. Zanen asali a nan yake ƙarewa; wuƙa ke cinye shi. Wannan shi ne uban allo, mai ɗauke da layukan hoto. A gefensa na ƙasa, waje da hoton, sai ya sassaƙa gurbi biyu. Ɗaya a kusurwar dama, mai siffar kwana, inda kusurwar takarda za ta zauna. Ɗaya kuma miƙaƙƙe, can wajen hagu, inda bakin takardar zai jingina. Zurfinsu bai fi kaurin takardar da komai ba. Sunansu kento, kalmar da a maganar yau da kullum ta Japanawa take nufin kintace ko saiti. Sannan a buga uban allo a kan takardu da dama, da gurbin da komai, kowace a yi mata alamar launi ɗaya, a manna ta a sabon allo, a sassaƙa. Ta haka kowane allo ya gaji gurbinsa daga uba ɗaya. Babu wanda aka auna wa nasa da ma'auni daban.

A nan hikimar take, kuma na daɗe ina jinjina ta. Ba a ce allon shuɗi ya daidaita da allon rawaya ba, shi kuma ya daidaita da na toka. Da an yi haka, da kowane ɗan kuskure ya hau kan na baya, a wayi gari na takwas ya yi hannun riga da na farko. Sai aka ce kowa ya daidaita da kusurwa ɗaya. Allunan ba su taɓa haɗuwa da juna ba. Takarda ce ke ziyartar su ɗaya bayan ɗaya, kuma duk inda ta je tana tarar da gurbi iri ɗaya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: in gurbin uban allo ya karkace, duk zuriyar ta karkace tare, kuma abin mamaki, hoton zai fita lafiya, tun da tare suka karkace. Wanda ke ɓata aiki shi ne allon da ya bambanta da 'yan'uwansa.

Ga mai bugu zaune a ƙasa, allo a gabansa a kan ɗan benci mai gangarawa gaba. Ya ɗiga launin da aka dama da ruwa, ya ɗiga ɗan ƙullun shinkafa, ya baje su da buroshin gashin doki. Dole ya hanzarta kafin allon ya sha iska. Ya ɗauko takarda tsakanin manuniya da ɗan yatsan tsakiya na kowane hannu, ya bar manyan yatsunsa a sake. Babban yatsan dama ya tura kusurwa cikin gurbinta ya danne. Na hagu ya kai baki ga miƙaƙƙen gurbi. Sai ya saki, sauran takardar ta kwanta da kanta. Babu gyara bayan wannan. In ya ja ta ko da kaɗan, launi ya shafe. Daga nan ya ɗauki baren, wani faifai mai cika tafin hannu, wanda cikinsa igiyar ɓawon gora ce da aka tufka aka naɗe, aka lulluɓe da wani ɓawon goran. Da shi yake murza bayan takarda, da ƙarfin kafaɗa, har launi ya shige cikin zarenta. Ya ɗaga, ya ajiye, ya ɗauko ta gaba. Sai ya gama tarin duka da launi ɗaya kafin ya sauya allo. Inji babu, ƙusa babu, matsi babu. Yatsu biyu ne da tsaga biyu.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai mu ce daidai abu ne da ake samu sau ɗaya a adana: a sassaƙa gurbi da kyau, shi ke nan. Amma kayan aikin duka masu rai ne, ko kuma masu tuna ran da suka taɓa yi. Takardar daga ɓawon itacen kozo ake yin ta, a shafe ta da ruwan gam da alif don kada launi ya malale, kuma ba ta karɓar bugu sai da danshi. Takarda mai danshi tana miƙewa. In ta fara bushewa sai ta tsuke, kuma ba ta tsukewa bai ɗaya, ta fi motsi ta wani ɓangaren bisa ga kwanciyar zarenta. Wurin da ya sha launi mai yawa ya fi maƙwabcinsa laima. Katako shi ma yana shan ruwa ya kumbura ta faɗinsa, ya ƙi motsi ta tsawonsa. Allon da aka sassaƙa da damina ba shi ne allon da za a tarar da hunturu ba. Saboda haka mai bugu yana kiwon danshin tarinsa dare da rana, yana jera takardun yadda jiƙaƙƙen wuri zai haɗu da busasshe, yana rufe su, yana ƙara ruwa ko ya rage. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki, suna nufin kowa ya yi gwargwadon ƙarfinsa. A ɗakin bugu maganar ta koma zahirinta, ruwan ne kansa ake aunawa.

In kuma duk da haka launi ya fara leƙowa ta gefe, mai bugu ba ya zargin takarda ya ci gaba. Gurbin yake komawa. In ana so takarda ta matsa ciki, ya aske bakin gurbin kaɗan. In ana so ta ja baya, ya tsaga wurin, ya kafa siririn ice, ya datse shi a inda ya dace. Tsofaffin alluna da suka rayu sukan nuna irin waɗannan ƙare-ƙare a bakin gurbinsu, shaidar hannuwan da suka bi ta kansu. Wannan ne ya fi kama ni a duk sana'ar. Abin da aka kafa don ya zama ma'auni, shi ma ana gyara shi, ba don a sauƙaƙa wa kai ba, sai don alkawarin da aka ɗauka ba da gurbin aka ɗauke shi ba. Da hoton aka ɗauka. Wanda ya rantse ba zai taɓa gurbi ba domin haka ya gaje shi, zai yi ta fitar da hotuna masu ido huɗu yana ganin ya riƙe amana.

Shi ya sa nake ganin aikatau ɗin ya fi sunan gaskiya. Daidai hali ne da ake ciki na ɗan lokaci. Daidaitawa ita ce aikin. Liman ba ya cewa a daidaita sahu ranar da aka buɗe masallaci kawai. Kowace salla sai ya waiwayo ya faɗa, ko da mutanen jiya ne, ko da akwai layi a shimfiɗe a ƙasa, domin jikin mutum ba ya tuna inda ya tsaya da asuba. Kano ta ɗauki wannan kalma ta liman ta yi tafiya da ita: gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya suna A Daidaita Sahu, daga baya sunan ya sauka a kan babur mai ƙafa uku, har yau kuma da shi ake kiransa. Yaro zai tsayar da adaidaita bai san umarni yake furtawa ba. Kalma takan yi irin wannan tafiya, ta bar gidan da aka haife ta, amma siffarta ta umarni tana nan: a yi, a sake yi.

Akwai wani rangwame a cikin tsananin, wanda sai an kai ido kusa ake gani. Masassaƙi ba ya tsayar da launi a bakin layi cif. Yakan bar shi ya shiga ƙarƙashin layin har tsakiyarsa. Don haka in takarda ta motsa da abin da bai kai rabin kaurin layi ba, babu farin da zai leƙo, babu launin da zai tsallake. Layin siriri ne ƙwarai, amma yana da faɗi, kuma a cikin faɗin nan ake yafe wa hannu ɗan rawar da ba ya rasawa. Ashe daidai ba ɗigo ba ne. Fili ne ƙarami mai iyaka biyu. Gwanin masassaƙi ya san abokin aikinsa mutum ne, ya bar masa wurin numfashi tun kafin ya nema.

Ba Japanawa kaɗai suka warware matsalar ba. A birnin Nanjing na ƙasar Sin, Hu Zhengyan ya fitar da littafin koyon zane mai launi a 1633, kuma hanyarsu kishiyar wannan ce: tarin takarda ake damƙewa ta gefe ɗaya kada ya motsa, a riƙa kafa ƙananan alluna a tebur da kakin zuma, ana matsar da su har su dace. Can takarda ke zuwa ta sami allo, nan allo ke zuwa ya sami takarda. Picasso kuwa, a garin Vallauris na kudancin Faransa, ya gaji da fama da alluna da yawa bayan wani hoto da ya buga a 1958. Shi da mai bugunsa Hidalgo Arnéra suka koma allo ɗaya na linoliyam, irin shimfiɗar daɓen nan mai laushin yanka: a buga launi na farko a duk takardun, a ƙara ƙwaƙule allon, a buga na biyu, a ƙara ƙwaƙulewa. Allo ɗaya ba ya saɓa wa kansa, wannan gaskiya ne. Amma takarda har yanzu sai ta dawo gurbinta, kuma abin da aka yanke ya yanku. Bakin alƙalami ya bushe. In an gama, allon ya ƙare, ba a sake buga ko kwafi ɗaya. Ina ganin kyan wannan hanya, sai dai zuciyata tana tare da allunan Edo, waɗanda za a iya komawa gare su bayan shekara goma a ce a ƙara ɗari biyu.

To amma kada a ɗauka duk gocewa aibi ce. Matan Kantin Kwari sun fi kowa sanin haka. Atamfa 'yar Holan, wadda kamfanin Vlisco ke yi a garin Helmond, ana fara buga mata zane da danƙo a fuska biyu, a tsoma ta a rini, sannan a ƙara sauran launuka. Shekaru masu yawa da hannu ake ƙara su, da hatimin katako, kuma launin yakan ɗan zarce layi ta nan, ya bar siririn fari ta can. Masu saye ba su ƙi ba. Wannan ɗan zamewa, tare da tsage-tsagen da danƙo ke bari, ya zama alamar ta gaske, har masu kwaikwayo suka koma buga tsagen da gangan. Me ya sa abin da ke ɓata fuska a hoton Harunobu yake ƙawata zane? Ina jin amsar tana cikin tambayar da kalmar ke ɓoyewa kullum: daidai da me? Atamfa a jiki ake ganinta, tana motsi, daga nesa, kuma ɗan farin nan ne ke sa ganye ya yi ƙyalli. Hoton Edo a hannu ake riƙe shi, a tazarar karatu, idon mace a cikinsa bai fi ƙwayar gero ba. Kowanne da abin da ake gwada shi da shi. Kuma ko a atamfar, zamewar tana da iyaka. In rawaya ta bar furenta ta koma kan wani, ba mai sayenta da kuɗin 'yar Holan.

A rubutun boko, ƙugiya ce kawai ta raba daidaita da ɗaiɗaita, gyara da wargazawa. Ɗan lanƙwasa a kan harafi, wanda in maɗaba'a ta rasa shi sai mai karatu ya nemi ma'ana da kansa. Tsakanin kalmomin biyu kuma akwai ɗai-ɗai, wadda ita ce hanyar mai bugu. Hoton sai da aka tarwatsa shi tukuna: teku a allo ɗaya, sama a wani, jirage a wani, har babu allon launin da in ka kalle shi za ka ce ga igiyar Hokusai. Allon shuɗi mai duhu wasu 'yan tsibirai ne a tsakiyar ƙwaƙulallen katako. Sannan aka tattaro su, launi ɗai-ɗai, takarda ɗai-ɗai. Wanda ya raba ya san zai iya haɗawa, shi ya sa ya yi ƙarfin halin rabawa.

Sakamakon mai bugu shi ne a manta da shi. In ya goce, kowa ya ga hannunsa. In ya dace sau takwas a jere, mai kallo ya ce kai, Hokusai gwani ne. A jikin hoton igiyar akwai sunan hoton da sa hannun mai zane. Babu sunan wanda ya sassaƙa yatsun kumfar nan ɗaya bayan ɗaya, babu na wanda ya sauke takarda a kansu. Shi dai Hokusai ya san abin da ake binsa. A wasiƙun da ya rubuta wa masu fitar da littattafansa wajen 1835, ya nemi a ba wani masassaƙi mai suna Egawa Tomekichi aikinsa, ya kuma yi ƙorafin masu sassaƙa da ke sauya masa siffar ido da hanci zuwa salon da suka saba. Ya san layinsa ba ya isa ga jama'a sai ta hannun wasu. Daga baya, a tsakiyar ƙarni na 19, sunayen manyan masassaƙa suka fara fitowa a gefen hotuna, na masu bugu kuwa jefi-jefi. Yau a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan ana jera kwafe-kwafen igiyar ana bin karayar layuka don a gane wanda aka riga bugawa, ana bambanta bugun da aka yi da natsuwa da wanda aka yi da gaggawa bayan allo ya gaji. Wato aikin waɗannan mutane ake karantawa, hannu da hannu. Ina ganin ya kamata duk gidan tarihin da ya rataye hoton ya ƙara layi biyu a ƙarƙashin sunan Hokusai, ɗaya na masassaƙi ɗaya na mai bugu, ya rubuta a gabansu cewa ba a adana sunayensu ba, domin mai ziyara ya san mutum nawa yake kallon aikinsu.